Abin da Madam Basanti Ba Ta Faɗa Ba

Laraba, 3 ga Mayu 1972, bayan la'asar

Yau zama na huɗu ke nan da Madam Basanti ta yi da 'yan ajina. Sunanta na gaskiya Vasanti Kulkarni, amma bakin yaran Garwa ya mai da shi Basanti, ita ma ta karɓa. Mijinta injiniya ne a wurin gurzar auduga na Pitowa, ita kuma malamar makaranta ce a can Indiya kafin ta biyo shi. Zaman gida ya ishe ta, shi ne ta nemi a ba ta awa ɗaya da rabi kowace Laraba ta koya wa yara labarin ƙasarsu da al'adunsu. Mushe Célestin, wato Malam Célestin a bakin masu Faransanci, malamin aji biyar, shi ya rubuta takardar neman izini ya sa hannu, direkta shugaban makaranta ya buga hatimi. Shi Célestin ɗin ne kuma yake shigowa ajina ya rubuta wa yara darasin a allo. Ni aka ɗora wa tafinta, don Faransancinta bai wuce na cefane ba, ni kuwa a Yola na tashi wajen Goggo har na shekara goma sha biyu, Ingilishi bai gama zubewa daga kaina ba.

Ta zo da wani ɗan injin kaɗi da ake naɗewa cikin akwati. Yara suka yi ta dariya, wai kakarsu da mazari kawai ta fi shi sauri. Ta yi dariya tare da su, sannan ta ce da irin wannan zaren mutanensu suka nuna wa Turawa hanya: suka daina sayen yadin Ingila, kowa ya sa abin da hannunsa ya kaɗa. Daga nan ta ce kowa ya zauna ya rufe ido ya saurari numfashinsa. Yara sittin da biyu, minti biyar, ko tari babu. Ni da bulala a hannu ban taɓa samun minti biyu ba.

Ba duk abin da take faɗa nake fassarawa ba. In ta kai ga allolinsu, mai kan giwa da mai hannu huɗu, sai in ce labarin kakanninsu ne, in wuce. Tun ranar da ta kunna fitilar yumɓu a gaban aji wani ya tare Baba a ƙofar masallaci ya tambaye shi ko gaskiya ne 'yarsa tana koya wa yara sujada ga wuta. Shi ya sa nake ragewa.

Litinin, 8 ga Mayu, ƙarfe ɗaya na rana

Rediyo ta faɗa tun shekaranjiya: ranar ashirin ga wata za a jefa ƙuri'a, a rushe tarayya a zama ƙasa dunƙulalliya. Yau anspekta mai duba makarantu ya zo lekol, wato makarantarmu, direkta Alphonse ya tara mu a ofishinsa. Kowane aji zai koyi waƙar "Oui", wato "I" da Faransanci, safe da yamma.

Da za mu fita anspekta ya tsai da ni a gaban kowa. Ya ce, "Madam Aminatu, ku da kakanninku suka zo daga wancan gefen iyaka, ya kamata muryarku ta fi ta kowa tashi." Yana murmushi ya faɗa.

Kakana ya sauka Garwa da jakunansa tun zamanin Jamus. A nan kabarinsa yake. A nan na binne mijina, a nan na haifi Mairamu. Na ce, "To, Mushe." Abin da na ce ke nan.

Talata, 9 ga Mayu, da hantsi

Mun yi waƙar sau shida. Zafi kamar a gasa mutum. Hadari ya taso jiya ya watse.

Laraba, 10 ga Mayu, kafin magariba

An yi zama. Ta kawo taswirar Indiya, kowace jiha da launinta da harshenta. Ta koya musu gaisuwa da haɗa tafin hannu, ta ce ma'anarta ina girmama abin da Mahalicci ya ajiye a cikinka. Wannan na fassara shi duka, don ban ga aibinsa ba. Léontine, yarinyar nan mai zama a bencin gaba, ta yi tambaya. Madam ta amsa. Na fassara. Mushe Célestin ya rubuta amsar a allo kamar yadda ya saba, yara suka kwafe.

Kaina yana ciwo.

Jumma'a, 12 ga Mayu, ƙarfe sha biyu

Sun tafi da Mushe Célestin.

Muna tsaye a fili ana ɗaga tuta wata mota ta shigo har gindin dalbejiya. Mutum biyu, ba kaki a jikinsu. Suka jira aka gama taken ƙasa, sannan ɗaya ya je ya yi masa magana a kunne. Ya miƙa wa wata yarinya allin da ke hannunsa, ya bi su. Bai waiwayo ba. Ɗayan ya shiga ajina ya kwashe littattafan rubutun yara duka, ya zuba a buhu.

Direkta ya ce a shiga aji a ci gaba da waƙa. Muka ci gaba da waƙa.

Asabar, 13 ga Mayu, da la'asar

Lucienne matar Célestin ta zo gida, goye da jaririnta. Daga tsaunin Mokolo suke su biyun, ba su da kowa a garin nan sai 'yan cocinsu. Ta je komisariya wajen 'yan sanda sun ce ba ya wajensu, ta je wajen jandarma sun ce ba su san zancen ba. A ƙarshe wani mai gadi ya nuna mata da haɓa gidan nan mai jan ƙarfe a ƙofa, na 'yan sandan ciki, da ke bayan ofisoshi, wanda ba a faɗin sunansa. Ta kai tuwo, aka karɓi kwanon, ba a bar ta ta gan shi ba.

Ta ce, "Malama, ke kina wurin. Me ya yi?"

Na ce ban sani ba.

Ta ce, "Wai an ce ya rubuta zagin gwamnati a allo. Mutumin da ko rediyo in ana labarai rage murya yake yi. Ke kin san shi."

Na ce na san shi. Na ba ta ruwa, na sa aka ɗebo mata gero. Ta yi ta godiya da Fillanci, useko, useko, har ƙofa. Da ma ba ta gode ba.

Lahadi, 14 ga Mayu, da azahar

Ban ci komai ba. Mairamu ta tambaye ni me ya sa nake kallonta.

Litinin, 15 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

An aiko mini takarda, na je gidan mai jan ƙarfe. Ɗaki mai tsabta, fanka tana juyawa. Babbansu mutum ne mai ladabi, ya ba ni kujera, ya tambayi lafiyar Alhaji Ilyasu, wato Baba, ya ce shadda mai kyau yake sayarwa. Ya san shekarun Mairamu. Ya san sunan unguwar Goggo a Yola.

Ya buɗe littafin wani yaro ya karanta mini layi biyu. Ya ce, "Baƙuwar ta rantse ba ta faɗi wannan ba. Ke kika yi tafinta. Kin fassara abin da ta ce daidai?"

Na ce daidai na fassara.

Ya ce, "To layukan nan a bakinki suka fito, ko a allo suka fara bayyana?"

Na ce ban tuna ba, hayaniya ta yi yawa.

Ya rubuta, ya juyo mini takardar. Na sa hannu. Ya raka ni har baranda ya ce in gai da gida.

Talata, 16 ga Mayu, bayan sallar asuba

Bari in rubuta shi sau ɗaya, ko zan iya numfashi.

Léontine ta tambaya ne, yaya aka yi suka zama ƙasa ɗaya da wannan tulin harsuna da addinai. Madam Basanti ta ce, "Muna gardama kullum, wani lokaci har faɗa, amma ƙasar uwa ce, uwa kuma ba ta zaɓe cikin 'ya'yanta." Iyakar abin da ta ce ke nan. Na fassara shi. Sannan ban tsaya ba. Na ce, "Kuma a can, wanda ya ce a'a ɗan ƙasa ne daidai da wanda ya ce i. Ƙasar da take tsoron a'a ba ta gama zama ƙasa ba."

Ban shirya ba. Murmushin anspekta ne yake ci mini rai tun Litinin, sai na ji maganar ta fito da kanta, cikin muryar da nake ara wa Madam. Ita tana gefe tana gyaɗa kai don ba ta ji ba. Célestin ya ɗauki alli ya rubuta. Yara sittin da biyu suka kai shi gidajensu, kwana goma kafin ƙuri'a.

Ni ce.

Talata, da yamma

Léontine ba ta fita hutu ba, ta kifa kai a benci tana kuka. Ta ce, "Metires," haka suke kiran malama da Faransanci, "da ban yi tambayar ba da ba a kama Mushe ba." Na ce ba laifinta ba ne. Ta ce to na wa? Na ce ta je ta wanke fuska.

Laraba, 17 ga Mayu, ƙarfe huɗu

Yau da zama ake yi. An soke.

Madam Basanti ta zo lekol da direban mijinta ta kwashe kayanta. An ba su kwana uku su bar ƙasar, ita da shi. Ta same ni ni kaɗai a aji tana naɗe taswira. Ta ce sun karanta mata layukan da Ingilishi, ta ce ba nata ba ne, suka ce to malamin ne ya ƙara. Ta ce, "Amina, Célestin ba zai ƙara ko wasali ba. Me kika gaya wa yaran?"

Na gaya mata. Har da abin da nake ragewa tun farko, allolin da sauransu.

Ban taɓa ganin fuskarta ba murmushi ba sai yau. Ta ce, "Abin da kika cire, ban damu ba, garinku ne, kin fi ni sanin abin da zai shiga. Amma kin sa mini magana a baki ina tsaye ina gyaɗa miki kai kamar wawiya. Kuma a ƙasarmu ma ba haka yake ba kullum. Na ga an fasa kan mutum don ya ce a'a. Da kin tambaye ni da na gaya miki."

Na ce ta yafe mini.

Ta ce, "Ni jirgi zan hau. Ba ni ce a kulle ba."

Ta ɗauki akwatinta ta fita. Yara suka bi motar suna haɗa hannu suna gaishe ta, direkta ya fito ya kore su.

Alhamis, 18 ga Mayu, bayan azahar

Na gaya wa Baba. Yana zaure yana duba wasu turamen atamfa, na durƙusa na faɗa masa duka. Bai ɗago ba sai da na gama.

Ya ce, "Wa kika gaya wa ban da ni?"

Na ce baƙuwar.

Ya ce, "Ita tafiya za ta yi. Uwata, ki saurare ni." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni. "Akwai motar Youssouf direba da za ta Yola jibi da kaya. Ki ɗauki yarinyar ki je wajen Goggonki sai ƙura ta lafa. Malamin nan yana da coci, fadan cocin nasu zai yi masa magana. Ke wa gare ki? Suna jira ne a ce Bahaushe ya yi wani abu, su ce ga 'yan Najeriya. Rumfata, rumfar ƙannenki, duk a tafin hannunsu suke."

Na ce, "Baba, in na ƙetare iyaka na tabbatar wa anspekta maganarsa. Kuma mutumin nan kwanansa shida a ciki kan abin da bakina ya faɗa."

Ya ce, "In suka riƙe ki, wa zai riƙe Mairamu? Ba uba, ba uwa?"

Na tashi na shiga ciki.

Da la'asar ya aiko a kira ni. Ya ce ya yi ta juya abin, ya rasa ta inda zai ce da ni in bar bawan Allah a kulle in tafi, sannan ya tashi ya yi salla. Ya ce, "In za ki je, ba ke kaɗai ba. Ni zan kai ki, su ga fuskata."

Jumma'a, 19 ga Mayu, bayan magariba

Na dawo.

Mun isa ƙarfe takwas. Suka hana Baba shiga, ya shimfiɗa buzunsa a gindin bishiyar da ke tsallaken hanya. Babbansu ya saurare ni har ƙarshe, yana wasa da murfin biro. Da na gama ya ce, "Madam, ranar Litinin kin sa hannu a kan wata magana. Kin san hukuncin wanda ya yi mana ƙarya?"

Na ce na sani.

Ya ce takardun malamin sun riga sun tafi sama, kuma shi ba ya son aikin da aka gama a dawo da shi. Ya koma Fillanci, ya sassauta murya, ya ce in tafi gida in rungumi 'yata, shi bai ji komai ba. Wallahi ƙafata ta so tashi. Na ce a ba ni takarda in rubuta da hannuna. Ya ce in na rubuta ba mai iya gogewa. Na ce a ba ni.

Na rubuta shafi biyu. Suka kai ni wani ɗaki ba taga, ba fanka, suka rufe. Abin da na ji ta bango ba zan sa shi a nan ba. Wajen ƙarfe biyar aka buɗe, aka ce in tafi, kada in bar gari, za a neme ni.

Baba yana nan inda na bar shi, inuwa ta gushe ta bar shi a rana. Bai je masallacin Jumma'a ba. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya rasa ba. Bai tambaye ni komai ba, ya naɗe buzu muka taho.

Asabar, 20 ga Mayu, da hantsi

Na je na jefa ƙuri'a. Ganguna ko'ina.

Talata, 23 ga Mayu, ƙarfe biyu

Ba a neme ni ba. Ba a sake shi ba. Direkta ya karɓe ajina ya ba wani, ni kuma ya ce in zauna a ɗakin ajiya in jera tsofaffin littattafai. Malamai suna gaishe ni daga nesa. Duk motar da ta rage gudu a ƙofar gida sai in tashi in leƙa.

Alhamis, 25 ga Mayu, da safe

An yi ruwa jiya, na farko mai ƙarfi. Ba a neme ni ba.

Asabar, 27 ga Mayu, da la'asar

Na je gidan Lucienne na gaya mata da bakina, kafin ta ji a kasuwa. Tana tankaɗe, ba ta daina ba. Ta ce, "Ranar da na zo gidanki kin sani?" Na ce na sani. Ta ce, "Kika ba ni gero." Ta shiga ɗaki ta fito da kwaryar, da sauran geron a ciki, ta ajiye a gabana. Na ɗauka na fito.

Laraba, 31 ga Mayu, ƙarfe sha ɗaya

Takarda ta zo ta hannun direkta. An mai da ni Kolofata, can arewa mai nisa, in kama aiki cikin kwana bakwai, an kuma rage mini daraja ɗaya. Baba ya ce alhamdu lillahi har sau uku, ya ce Kolofata gari ne, ana zuwa ana dawowa. Na tambayi direkta labarin Célestin, ya duba ƙofa, ya ce bai san wani mai wannan suna ba sai an ba shi izinin sani.

Asabar, 3 ga Yuni, da yamma

Sun sake shi jiya. Kwana ashirin da ɗaya.

Na je. Yana zaune a tabarma a bayan ɗaki, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Hannunsa na dama yana naɗe da tsumma a cinyarsa. Lucienne ta gan ni ta ɗauki tulu ta fita.

Na fara magana ya ɗaga hagunsa. Ya ce, "Metires, na sani tun ranar. A mishan na yi shekara huɗu ina yi wa wani Bature Ba'amurke aiki, ina jin Ingilishi daidai gwargwado. Na ji inda maganarta ta ƙare, na ji inda taki ta fara."

Na ce, "To don me ka rubuta?"

Ya ce, "Don ta yi mini daɗi. Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa, ban taɓa rubuta abin da nake so in rubuta a allon nan ba."

Na ce, "A ciki fa? Sun tambaye ka."

Ya ce, "Kullum. Na ce ban jin Ingilishi, ban san wa ya ce me ba." Sannan ya ce, "Ba zan ɓoye miki ba, a kwana na biyar da sun ƙara tambaya sau ɗaya da na faɗi sunanki. Kuma na jira ki. Na zaci Litinin ɗin da suka kira ki za ki faɗa."

Na ce na ji tsoro.

Ya ce, "Na sani. Ni ma." Ya ce ba su mai da shi aiki ba, kuma ko sun mayar, yatsun ba sa riƙe alli yanzu, sai abin da likita ya ce. Za su koma Mokolo wajen gonar babansa kafin shuka ta wuce. Ya ce shi ba ya riƙe da ni, amma kada in nemi haka wajen Lucienne, ita ce ta yi kwana ashirin da ɗaya tana kai tuwo ƙofar da ba a gaya mata ko yana da rai ba.

Talata, 6 ga Yuni, a tasha, ƙarfe tara na safe

Mota ba ta cika ba, ina rubutu a kan gwiwa. Baba ya sa an ɗaure kayanmu a sama, ya koma gefe yana yi wa direba faɗa kan igiya don kada in ga idonsa.

Ɗazu Lucienne ta ratso cikin mutane, jariri a baya. Na miƙe. Ba ta dube ni ba. Ta durƙusa gaban Mairamu ta sa mata ƙullin soyayyar gyaɗa a hannu, ta ce, "Hanya da nisa, ki ci a hankali." Na ce, "Lucienne, na gode." Ta gyara goyonta ta ce, "Ba ke na ba." Ta juya ta tafi.

Mairamu ta kwance ƙullin ta miƙo mini. Na ce ta ci, nata ne.